Inda Aka Binne Cibiyata

Asubar Talata muka tashi daga Kano, mu tara a cikin fijo da aka ƙera wa mutum bakwai. Ni aka cusa a kujerar can baya, tsakanin wani ɗan kasuwa mai ƙiba da tagar da ba ta buɗewa, na rungume baƙar jakata a ƙirji kamar wani zai ƙwace. Ba kuɗi ba ne a ciki. Takardu ne: digirina na tattalin arzikin noma, shaidar bautar ƙasa, takardar haihuwa, da ƙananan hotuna takwas da na ɗauka sanye da kwat ɗin aro. Shekara huɗu ke nan ina yawo da jakar nan. Hannunta ya tsinke sau biyu an ɗinke, ni kuwa ko sau ɗaya ba a ce in zo in fara aiki ba.

Takarda ɗaya da babu a jakar ita ta fitar da ni. Wata hukumar tarayya ta yi sanarwar ɗaukar jami'an gona, mutum ɗaya daga kowace ƙaramar hukuma, kuma dole kowa ya miƙa fom a ƙaramar hukumarsa, haɗe da takardar shaidar cewa shi ɗan asalin wurin ne. Ranar Juma'a da tsakar rana za a rufe. Na je sakatariyarmu a Kano, garin da na yi firamare da sakandare, garin da kabarin mahaifina yake, sai ma'aikacin ya duba takardar haihuwata, ya turo mini ita da yatsa ɗaya ya ce, "Malam, ai kai ɗan Kafanchan ne." Da gaskiyarsa. Can aka haife ni, can aka haifi mahaifina, ma'aikacin jirgin ƙasa ɗan ma'aikacin jirgin ƙasa. Kakana kuwa babu wanda ya san ƙauyen da ya fito, bin dogo ya yi yana aiki har dogo ya ajiye shi a can. Ina shekara biyar aka yi wa Baba canjin aiki zuwa Kano, tun daga ranar ban sake taka garin ba.

Da zan fito Inna ta biyo ni har zaure, ta ce in nemi wata Saratu, matar Yakubu direban jirgi, maƙwabciyarmu ta da, in tana raye in gaishe ta. Na ce to, irin "to" ɗin da ake ce wa tsofaffi. A raina na ce kwana uku gare ni, ba zumunci zan je yi ba.

Daga Kano zuwa Kaduna babu abin ba da labari, sai dai kuɗin mota da aka ƙara a kan na bara, da ɗan kasuwar nan da ya yi barci a kafaɗata tun daga Kwanar Ɗangora. A Kaduna muka canza mota. Da muka wuce Kujama sai ƙasa ta fara sauya kama. Damina ce tsaka, ko'ina kore shar, ciyawa ta fi mutum tsayi, itatuwa manya-manya irin waɗanda a Kano da tuni an yi icen girki da su. A Kachia direba ya tsaya shan mai, matan Fulani suka kewaye motar da ƙoren nono, wasu mata kuma da gasasshiyar masara, biyu naira ɗaya, da atili a cikin ƙaramin kwano. Ban san atili ba, ko kuma na manta shi. Na gartsa kamar goriba, wata mata da ke kujerar gabana ta yi dariya ta ce a hankali, tsotsa ake yi, akwai ƙwallo a ciki. Maganar da aka yi mini ke nan kaɗai a duk tsawon hanyar.

Daga nan sai gonakin citta, kunya-kunya an lulluɓe da busasshiyar ciyawa, da coci mai jan kwano kusan a kowane ƙauye. Ni da na yi shekara huɗu ina karanta noma, ranar na fara ganin citta a tsaye a gona. A Zonkwa rabin motar suka sauka, kowa da mai tarbarsa. Waɗanda suka rage suka koma hira da harshensu, su ɗan taɓa Hausa, su ɗan taɓa Turanci, su koma. Ina zaune a cikinsu ina kallon duwatsun Kagoro daga nesa, gajimare ya zauna musu a ka, ina ta jira in ji wani abu ya motsa a ƙirjina tunda garinmu za ni. Ban ji komai ba sai ciwon baya.

La'asar sakaliya muka shiga Kafanchan. Na sauka a tasha na tsaya da jakata, mutane na wucewa, babu wanda ya dube ni sau biyu. Wannan shi ne garin da aka ce nawa ne. Na kama ɗaki a wani masauki kusa da kasuwa, mai gado ɗaya da bokiti, na ci tuwon acha da miyar karkashi a wata rumfa, ina fuskantar bango.

Laraba da safe na isa sakatariya da ƙarfin gwiwata, na tarar layi ya zagaye ginin. Duk sa'o'ina ne, kowa da fayil a hammata, kowa ya goge takalmi. Akwai kallon da masu neman aiki ke yi wa juna, wanda bai yi layin ba ba zai gane ba. Ku gaisa, ku yi murmushi, a ce "Allah ya ba mai rabo sa'a," a amsa da amin, alhali kowa na auna kaurin fayil ɗin ɗan'uwansa. Na ƙware a wannan kallon. Da layi ya zo kaina, ma'aikaciyar ta duba takardar haihuwata, ta ce wannan ta nuna an haife ni ne kawai, ba ta nuna ni na nan ba ne. Ta ce sai na kawo sa hannun mai unguwar da aka haife ni.

Mai unguwar mutumin kirki ne, ɗan tsohon gidan 'yan kasuwa, ba zai wuce shekara arba'in da biyar ba. Ya sa aka shimfiɗa mini tabarma, aka kawo ruwa, ya saurare ni har na gama. Na faɗi sunan Baba, ya girgiza kai. Na faɗi na kakana, ya sake girgizawa.

"Malam, ban ce ƙarya kake ba," in ji shi. "Amma a satin nan kaɗai mutum nawa suka zo mini da irin labarinka. Ni ba na sa hannu a kan wanda ban sani ba, kuma ban san wanda ya san shi ba. Kawo mini babba ɗaya mai rai da zai zauna a nan ya ce ya san ubanka, ya san haihuwarka. Shi ke nan."

Na fita na shiga neman wanda ya san ubana. Na tambayi tsofaffin masallacin Juma'a, na tambayi mahauta, na tambayi wani mai gyaran agogo da aka ce babu wanda bai sani ba. Wannan ya rasu, wancan ya koma garinsu bayan ritaya, wasu kuma sun tashi tun hargitsin da aka yi shekarun baya ba su dawo ba. Mutum ya yi shekara talatin da wani abu a gari, a ce ko mai sayar masa da goro bai rage ba. Wallahi ranar na ji maraici sabo, kamar jiya Baba ya rasu.

Da yamma ƙafa ta kai ni kwatas ɗin ma'aikatan jirgi. Taragai na tsaye sun yi tsatsa, ciyawa ta fito tsakanin layukan dogo, awaki na kiwo. Na gane gidanmu da bishiyar mangwaron da ke bayansa, ita kaɗai ce abin da na tuna a duk garin. Wasu ne a ciki, an shanya kayan yara a igiya. Ban yi sallama ba, me zan ce? Sai a nan, da komai ya ƙare mini, na tuna saƙon Inna. Na tambayi wata mai suyar ƙosai ko ta san Saratu matar Yakubu direba.

"Mama Saratu? Yana nan da rai," ta ce. "Mijin ya mutu, Mama ya koma ƙauye wajen Fadan Kaje. Yaronshi yana goyin a bakin tasha. Ka tambaya Bulus."

Goyin shi ne abin da mu a Kano muke ce wa acaɓa. Alhamis da sassafe na sami Bulus a bakin tasha, dogo, baƙi, sa'ana, sanye da rigar ruwa da ta yage a kafaɗa. Na ce wurin mahaifiyarsa nake so ya kai ni, ni ɗan tsohon maƙwabcinsu ne. Ya dube ni, ya dubi jakar, ya ce, "Hau, oga."

A nan ne na yi abin da har yanzu in na tuna nake jin kunya. Kwana biyu ban yi hira da kowa ba, sai ga bayan mutum a gabana, ai kuwa bakina ya buɗe. Na ba shi labarin aikin da nake nema, da yadda mutum ɗaya tak za a ɗauka a duk ƙaramar hukumar. Na bayyana masa mene ne digiri, da shekarun da ake yi kafin a samu. Har na ce masa shi ya huta, tunda kullum zai koma gida da ɗan abin cefane, mu da muka yi boko mu ne a wahale. Da muka wuce wata gonar citta na yi masa darasi a kan taki. Shi dai "haka ne, oga" kawai yake cewa. Wajen Madakiya sai ya rage gudu ya tsaya a gefen hanya, ya sauka ya tsuguna yana duban tayar baya. Ya daɗe a tsugune. Na tambaya ko faci ne, ya ce a'a, babu komai, mu tafi.

Mun bar kwalta muka bi wata jar hanya mai santsi, muka isa wani gida mai shingen kerana da rumbuna biyu. Wata tsohuwa 'yar ƙarama tana tsince acha a faifai. Na durƙusa na gaishe ta, na faɗi sunan Baba da na Inna. Ta ajiye faifan, ta kama fuskata da hannu biyu tana juyawa wajen haske.

"Wayyo Yesu! Tanko! Tanko na Hajara!"

Tanko sunan da ake kirana da shi a gida ne, don mata uku na bi. Tun rasuwar Baba babu wanda ya sake kirana da shi, ko Inna. Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba, ga ni ƙato da gemu.

"Mamanka yana nan? Yana lafiya? Kai, ka yi tsawo kamar babanka. Ka san ni na ba ka nono wata uku, lokacin da mamanka ya kwanta asibiti? Kai a dama, Bulus a hagu. Kai ne mai haɗama, kullum sai ka ture shi."

Ban taɓa jin wannan labarin ba. Ta ja ni zuwa ɗaki, ta sa aka kawo buta da sabuwar tabarma tun kafin in tambaya, ta nuna mini gabas. Sannan ta sa Bulus ya kamo zakara, ta miƙo mini wuƙa ta ce ni zan yanka, don haka suke yi in baƙonsu Musulmi ne, saboda ya ci da kwanciyar rai. Ni kuwa rabona da yanka kaza tun ina sakandare. Da ƙyar muka rabu da zakaran nan, Bulus na riƙe da ƙafafu yana danne dariya.

Ina jiran abinci a ɗakin ne idona ya kai bango. Kusa da kalandar coci akwai hoto a cikin gilashi: Bulus ne sanye da rigar kammala jami'a da hula mai tuntu, Mama a gefensa ta sha ɗaurin kai. Ta ga inda nake kallo.

"Agirik ya karanta, noma kamar kai," ta ce. "Shekara biyar yanzu. Wannan fom naka, shi ma ya cika. Tun sati da ya wuce ya kai."

Na rasa inda zan sa fuskata. Na tuna darasin taki. Abincin ya zo, faten acha da naman zakara. Na yi ta juya maganar a raina: abin da na zo roƙon matar nan shi ne ta tashi da ƙafarta ta je ta ƙara wa ɗanta abokin takara. Sai na ce mata gaisuwa kawai Inna ta aiko ni, batun takarda a bar shi. Ta harare ni.

"Bulus ya gaya mini komai a waje. Wane irin a bar shi? Ƙarya zan je yi? Aiki na Ubangiji ne, wanda ya ba shi ya ba shi. Amma a ce kai ba yaron garin nan ba ne, wannan ban yarda ba."

Ta shiga ta ɗauro zanenta na zuwa coci. Bulus ya ɗauke ta a babur, ni na biyo su a bayan akori-kura tare da buhunan gawayi, yayyafi na dukana.

A zauren mai unguwa ta ƙi zama a kujera, ta zauna a tabarma ta miƙe ƙafa. Ta faɗi sunan Baba, da aikinsa na juya layin dogo, da sunan kakana, har da laƙabin da ake yi masa wanda ni ban sani ba. Mai unguwa ya tambaya ko ta tabbata ni ne yaron.

"Ranka ya daɗe, ni na binne cibiyanshi da hannuna. Bayan gida namba sha huɗu a kwatas, a gindin mangoro. In kana so a kawo fartanya mu je."

Zauren ya kwashe da dariya. Mai unguwa ya ce, "A'a Mama, a bar mangwaro ya huta." Ya jawo takardar ya sa hannu, ya huro wa hatiminsa iska ya buga.

Juma'a da safe Bulus ne ya zo masauki ya ɗauke ni, ban aika masa ba. Ya san tagar da ake buga tambari da wadda ake karɓar fom, ya san sai an huda takardu an ɗaure su da igiyar fayil in ba haka ba a dawo da mutum ƙarshen layi. Ya ciro igiya ɗaya daga aljihunsa ya ba ni. Saura kamar awa ɗaya a rufe na miƙa. Ina gani aka ɗora fayil ɗina a kan tulin da nasa ke ciki.

Da ya kai ni tasha na ce ya yafe mini surutun jiya. Ya kashe babur, yana wasa da makulli.

"Ka tuna da na tsaya a Madakiya? Taya lafiya yake. Tunani na yi in ce maka ya yi faci, mu juya, in ce Mama ya yi tafiya. Da ba za ka taɓa sani ba." Ya yi 'yar dariya. "Sai na ce in Mama ya ji, na mutu. Ban ce na ji daɗi ba fa, ɗan'uwa. Ina da mata, tana da ciki. Amma ka je, sai mun ga lis ɗin sunaye."

Waccan addu'ar ta layi ta zo mini baki, na haɗiye ta, don na san yadda na saba faɗinta. Muka yi musafaha kawai. Ya ɗaura mini ƙullin busasshiyar citta da kwalbar zuma a jikin jaka, saƙon Mama zuwa ga Inna, ya tayar da babur, wani fasinja ya ɗare, suka tafi.

Na kwana a Kaduna, na iso Kano Asabar da hantsi. Inna ba ta tambayi takarda ba. "Ka ga Saratu?" shi ne abin da ta fara cewa. Na ba ta labari, ta riƙe kwalbar zumar a cinya tana kuka tana dariya. Na ce me ya sa ba ta taɓa gaya mini batun nonon ba, ta ce ita ta ɗauka na sani, kuma yaushe na taɓa zama na tambaye ta wani abu in ba ina aka ajiye mini takarduna ba.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa, amma ya tsaya mini a rai. Shekara huɗu ina bin layi, na koyi ganin duk mai fayil a hammata a matsayin wanda ya tare mini hanya, har na daina tambayar mutane sunansu. Na tafi da jaka cike da shaidar makaranta, babu ɗaya da ta iya cewa ni ɗan wani wuri ne, sai da tsohuwar da na so in tsallake gaisuwarta ta buɗe baki. A addinina wanda kuka sha nono ɗaya ɗan'uwanka ne, ba wasa ba. Na tashi ni kaɗai namiji a gidanmu, kullum ina cewa da ma ina da ɗan'uwa. To ga shi na samu, kuma kujera ɗaya muke nema.

Yau kwana tara da dawowata, ba a kafe sunaye ba tukuna. Ina son aikin nan, ba zan yi muku ƙarya ba, ina son sa kamar raina. Amma duk sanda na idar da salla na ɗaga hannu zan roƙa, sai in ga mutum tsugune a gefen hanyar Madakiya yana duban tayar da babu abin da ya same ta. Sai in daɗe hannuna a sama, ban ce komai ba.